Kan burtu a ajin zane: nazarin wani darasi a makarantar koyon sana'a ta Maraɗi

Makarantar da wannan nazari ya shafa ɗaya ce daga cikin cibiyoyin koyon sana'a na birnin Maraɗi, irin waɗanda ke karɓar samari da ƴammatan da karatun boko ya tsaya musu a hanya, a koya musu kafinta ko ɗinki ko walda. Wata ƙungiyar waje da ke tallafa mata ce ta aiko da takardar darasi, tana so a ƙara zango guda na zane da tsara kaya. Hanyar da takardar ta zaɓa ita ce sassaƙa fuskokin gargajiya na Afirka. Hujjarta ita ce sana'ar ta hannu ce, kayanta daga daji suke fitowa su koma ƙasa ba tare da sun ɓata ta ba, kuma ɗalibi zai koyi sura da daidaito da launi a aiki guda.

Hujjar ba ta banza ba ce. Inda aka samu tangarɗa shi ne shafukan hotuna da aka liƙa a bayan takardar. Fuskokin Dogon na Mali ne, da na Bwa na Burkina Faso, da Gelede na Yarbawa. Babu ko ɗaya daga ƙasar Hausa.

Zagaye na farko

Mushen, wato malamin, da aka damƙa wa darasin matashi ne mai son aikinsa, ya kuma bi takardar yadda ta zo. Aka je kasuwar katako aka sayo irin wanda manyan motoci ke shigowa da shi daga kudu ta Jibiya da Ɗan Isa, aka haɗa da fentin mai, aka warware zaren buhun leda don ya tsaya a madadin geza. Yara suka sa hoto a gaba suna kwaikwayo. Abin da ya fito yana da kyan gani idan an jingina shi a bango, amma babu wanda ke sawuwa. Ramukan ido ba su dace da idon mutum ba, bayan fuskar a shafe yake babu gurbin hanci, nauyi kuwa sai ka tallafe ta da hannu biyu.

Laifin ba na yaran ba ne. Hoto gaba kaɗai yake nunawa, alhali rabin ilimin waɗannan fuskoki yana ciki da baya. Kanaga ta Dogon, mai doguwar sanda da gicciye biyu a sama, a bikin dama ake sa ta, wato bikin sallamar mamata. Mai rawa yana cije da wani ɗan itace da aka gitta a cikinta, shi ya sa yake iya jujjuya jiki ya sunkuya har ƙololuwarta ta taɓa ƙasa ba ta faɗi ba. Gelede, wadda UNESCO ta ayyana cikin gadon ɗan Adam a 2001, a saman kai take zama, fuskar mai rawa kuwa ƙyalle ne ke rufe ta. Bwa suna da dogayen fuskokin allo, suna kuma da na ganye da ake ɗaurawa a jikin mutum da safe a warware su a ranar, su koma dajin da aka ɗebo su. Waɗannan abubuwa suna da masu su, suna da ranakunsu da dokokinsu, har akwai bikin FESTIMA da aka fara yi don su a Dedugu ta Burkina Faso a 1996. Yaron Maraɗi da bai taɓa ganin an sa ɗaya an taka rawa ba, kwalin abin kawai zai iya kwafa.

Batun kare muhalli ma bai tsaya ba. Itacen daga daji mai nisa ya zo, fentin ba ya ruɓewa, gezar kuwa leda ce, a ƙasar da tun 2014 ta kafa dokar hana shigo da ledar zuba kaya da sayar da ita. Mai saye kuma babu. Baƙin da ke sauka Maraɗi wake da riɗi da aya da dabbobi suke nema, ba kayan rataye a falo ba. Sannan iyaye suka fara zuwa wajen darakta suna tambaya ko gumaka ake koya wa ƴaƴansu sassaƙawa. Wasu ƴammata suka daina shiga ajin.

Abin da ke rataye a ɗakin kaka

A nan ne mushen ya ajiye takardar ya tambayi ajin ko a ƙasarmu akwai wanda ke rufe kai ko fuska ya koma wani abu daban. Nan take aka ambaci ƴan tashe. Wani yaro daga ƙauyukan wajen Madarunfa ya ce kakansa yana da kan burtu a rataye a ɗaki.

Burtu tsuntsu ne babba, baƙi, mai dogon baki lanƙwasasshe da tozo a samansa. Yawanci a ƙasa yake yawo yana tsintar ƙwari da ƙadangaru. Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Maharban ƙasar Hausa da na Nufe suka lura da haka, sai suka ƙera kansa da wuyansa. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin ƙyalle a baya, ya duƙa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsinta, har ya isa inda kibiyarsa za ta cim ma barewa ko gada ko zabin daji. Irin waɗannan kawuna suna ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka, amma yawancin ɗaliban ajin ba su taɓa riƙe ɗaya a hannu ba.

Aka aika aka gayyato tsohon. Maharbi ne a da, kuma yana taɓa sassaƙa. Aka kawo masa kujera ya ce tabarma ta ishe shi. Yara na ce masa Baba, mushen ma haka yake kiransa, kuma a ƙasa ya zauna tare da ɗalibai duk lokacin da tsohon ke magana. Wannan ƙaramin abu ne, amma ni a ganina shi ya buɗe bakin tsohon.

Bai fara da gizago ba. Kan burtun ya ɗaura wa wani yaro a goshi ya ce ya rarrafa zuwa bakin ƙofa ya dawo. Yaron ya je ya dawo, abin bai goce ba. Kwanaki kaɗan bayan haka wani ɗalibi mai saurin hannu ya kawo nasa da ya yanka daga ragowar katako, surarsa ta fito sosai. Aka ɗaura masa, bai yi nisa ba kan ya rinjayo gaba, bakin tsuntsun na shara ƙasa, igiya na cin fatar goshinsa. Tsohon ya kwance ya ɗora kawunan biyu a tafin hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa yara su ji bambancin da hannunsu.

Daga nan bayanin ya fito. Ba a yanka lanƙwasar wuya daga miƙaƙƙen katako, domin wurin lanƙwasar zai zama mai rauni ya karye. Reshen da Allah ya halitta da lanƙwasarsa ake nema, sai jijiyar itacen ta bi surar wuyan. Gindin da ke zama a goshi ana faɗaɗa shi, a yi masa matashi da tsumma a rufe da fata. Mafi muhimmanci, fuskar maharbi ƙasa take kallo idan ya duƙa, don haka dole a karkata gindin yadda idan kan mutum ya sunkuya, kan tsuntsu zai miƙe yana kallon gaba. Wanda ya sassaƙa shi yana tsaye, yana auna shi da mutum a tsaye, ya ɓata aiki tun kafin ya gama.

Sai bayan wannan ne mushen ya fito da fensir da ma'auni. Ya sa aka zana kan ta gefe, ta gaba, ta sama, aka rubuta tsawon kowane sashe. Ya sa kowa ya ɗora nasa a yatsa ya nemo inda nauyin ya daidaita, ya yi alama, sannan ya kwatanta da na tsohon. Duk abin da takardar ta so a koyar, awo da daidaito da dacewar kaya da jikin mai amfani da shi, ya shigo da kansa, kuma yaran sun riga sun ji shi a wuyansu kafin su gan shi a allo. Masu ajin kafinta su suka fi cin riba, domin tambayar da suka koya a kan burtu ita ce za su yi wa kujera da gado: wa zai yi amfani da shi, kuma a wane irin zama?

Inda itacen ya fito

Tsohon ya ce itace marar nauyi ake so, ya zaɓi dashi. Dashi yana da taushin sassaƙa, kuma idan ka sare reshensa ka kafa a ƙasa yana kamawa, shi ya sa ake shinge da shi. Ƙirya kuwa, wadda masassaƙa ke so don turmi, maƙera ke so don gawayi, nauyi gare ta, ga shi ta yi ƙaranci a gonaki.

Tambayar inda za a samo reshe ita ce ta kai ajin gona, kuma a Maraɗi wannan tambaya tana da tarihi. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin jihar sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka. Dashen itatuwa da aka yi ta yi yawancinsa bai rayu ba. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya gane cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a bar ƴan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su. Manoma suka kira shi sassabin zamani, suka yaɗa shi gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye sun yi suna a kansa. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Amfanin wannan ga masassaƙi a fili yake: itacen da ake rena ana yi masa aski kowace shekara, askin nan kuwa rassa ne. Ajin ya je gonar mahaifin wata ɗaliba bayan an kwashe amfani, da izininsa, aka zaɓi rassan da dama za a datse. Ba a kayar da itace ko ɗaya ba. Mushen ya nuna musu gawo ya gaya musu yana cikin itatuwan da doka ta kare, ba a taɓa shi sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Yaran birni da ba su san sabara da kalgo da geza ba suka koyi bambanta su a yini guda.

Fata ba ta ba da wahala ba. Jar akuyar Maraɗi duniya ta san ingancin fatarta, majema na jeme ta da bagaruwa, dukawa na rina ta ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Guntayen da ke zuba a ƙarƙashin baduku sun isa rufe kan burtu, kuma da kuɗi kaɗan aka samo su.

Abubuwa biyu ne aka yi saɓani a kansu da tsohon. Na farko ado. Na gargajiya ana manna masa ƴaƴan idon zakara, jajayen nan masu ɗigon baƙi, a kan kakin zuma. Suna da kyau matuƙa, amma dafi gare su, ƙwaya guda da aka tauna tana iya kashe yaro. Mushen ya hana a shigo da su, aka yanka jar fata ƙanana-ƙanana aka sa a madadinsu. Tsohon bai ji daɗi ba, ya ce abin ya rage kwarjini, kuma gaskiyarsa ne. Amma kayan da zai shiga gidan da ke da masu rarrafe ba a sa masa guba don kwarjini. Na biyu, tsohon kan da ya gada daga mahaifinsa ba itace ba ne zalla, bakin burtu ne na gaske aka ɗinke da fata. A yau tsuntsun ya ja baya sosai, tun 2018 yana cikin jerin halittun da ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ce suna cikin haɗari, farauta kuma a Nijar dokar 1998 ce ke tsara ta. Takardar da aka aiko ta ɗauka duk abin da yake na gargajiya mai ɗorewa ne. Ba haka ba ne, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibai a fili. Tsohon da kansa ya ce barewar da aka yi wa wannan dabara ta ƙare a dajinsu tun yana da sauran ƙarfi.

Ke nan wa zai sayi kan burtu? Ƙungiyoyin maharba masu fita wasa a bukukuwa, ƴan wasan kwaikwayo, da makarantu. Kasuwa ce ƙarama, ba ta riƙe gida. A matsayin abin koyarwa ne darajarsa take.

Ƙwarya da tashe

Abin da ya samu masu saye shi ne aikin ƙwarya, wato fuskokin ƙwarya na ƴan tashe, wanda ƴan ajin ɗinki suka fi rinjaye a ciki. Daga goma ga watan azumi yara ke fita tashe, wani da gemun auduga, wani da tsumma a ciki, ana bi gida-gida ana waƙa ana ba su hatsi ko ƴan kuɗi. Damagaram tana da wasan kara, inda ake ƙera hula da tabarau da sauran kaya da karan hatsi. Har a Wagadugu akwai wasan dodo da samari ke yi da azumi da fuskokin dabbobi na ƙwarya, wanda masu bincike ke dangantawa da fataken Hausawa na ƙarni na 19. Ashe sana'ar da aka je nema a Bandiyagara ta ƙasar Dogon tana da ƴar'uwa a ƙofar gida.

Duma damina guda yake yi a kan danga ko rufin ɗaki. Ban da haka, tun da roba da silba suka shigo, fasassun ƙore da a da gyartai zai ɗinke yanzu zubar da su ake yi. Su aka tattaro daga masu fura da masu nono. Wata dattijuwa mai zanen ƙwarya ta nuna musu a jiƙa ƙwarya kafin a yanka don kada ta tsage, a huda ido da ƙusa mai zafi sannan a faɗaɗa da wuƙa, a ƙona zane da bakin ƙarfe maimakon fenti. Ƴammatan suka ƙara nasu: suka naɗe bakin ƙwaryar da ƙyallen da tela ke zubarwa don kada ya karce kunci, suka ƙara ramukan iska a ƙarƙashin hanci bayan wani ƙaramin yaro da aka gwada wa ya tuɓe ta yana haki. Da azumi ya zo, ƙannensu da yaran unguwa suka saye, duk da fuskokin roba na waje da ke rataye a kasuwa.

Maganar iyaye ba a share ta ba. Darakta ya nemi wani malamin unguwa ya zo ya duba aikin. Malamin ya yi bayanin cewa littattafan Malikiyya sun bambanta tsakanin cikakkiyar surar mai rai da ke da inuwa, wadda aka hana, da wadda ba ta cika ba, ya kuma kawo hadisin ƴan tsanan Nana A'isha da na sahabiyar da ta ce suna yi wa yara abin wasa na ulu don su jure azumi. Ya ce akwai malaman da suka fi tsanantawa, kuma uban da ya bi su ba a ce ya yi kuskure ba. Makarantar ta yanke cewa ba za a sassaƙa fuskar mutum ba, kuma wanda gidansu ba su yarda da ta dabba ba zai yi murfin fitila ko faifan ado da zanen dagi, da awo iri ɗaya da maki iri ɗaya. Yawancin ƴammatan da suka janye sun dawo. Wasu ba su dawo ba.

Abin da bai warware ba

Zango guda ba ya yin masassaƙi. Ɗan gado shekaru yake yi yana wasa gizago da share ɓawo kafin a bar shi ya taɓa aikin mai saye, kuma wasu masassaƙan gari sun yi gunagunin cewa ana ba yara takardar shaida a kan abin da ba su iya ba. Suna da hujja. Abin da ɗaliban suka samu ido ne da tambaya, ba hannu ba, kuma bai kamata takardar shaidarsu ta ce fiye da haka ba. Gara ma ta ci wasu kawunan da aka ajiye a ƙasa lokacin hutu, domin ba a tambayi tsohon yadda ake adana su ba. Nasa a rataye yake kusa da hayaƙin murhu shekara da shekaru.

Wanda ya fi damuna shi ne biyan malaman biyu. Tsohon maharbin da dattijuwar su suka ɗauki nauyin darasin, amma tsarin kuɗin makarantar bai san malamin da ba shi da takardar shaida ba. Kuɗin mota da na goro aka ba su, alhali katako da fentin zagaye na farko, waɗanda ba su amfani kowa ba, an biya su cif da rasiɗi. A rahoton da aka aika wa ƙungiyar ma, hotunan yara ne da kayansu, sunan mutanen biyu bai fito ba. Jikan tsohon, wanda shi ya fara ambaton kan burtu a aji, yana kallon duk wannan, kuma shi ne ake fatan ya gaji sana'ar.

Makarantar ta sa aikin ƙwarya da fata cikin tsarin shekara mai zuwa, an kuma shuka duma a jikin dangarta da dashi a gefen fili. Mushen ya rubuta wa darakta yana neman a buɗe layin kuɗi na malaman sana'a ƴan gari, a biya su da awa kamar kowane malamin wucin gadi, a kuma rubuta sunansu a takardar darasi. Darakta ya tura buƙatar gaba. Tsohon ya ce zai dawo bayan girbi idan an aiko masa da amsa.